Kuɗinmu Suna Adashi, Bizar Mijina Tana Ƙarewa

Inna Lieu, ki yi wa Allah ki ba ni shawara, kaina ya ɗaure kuma ba ni da wanda zan buɗe wa cikina a garin nan. Kin dai san mutanenmu. In na faɗa wa mutum ɗaya da safe, kafin a rufe shaguna labari ya je Vietnam ya dawo. Tunda za a buga wasiƙar nan a shafinki na ba da shawara, sunayen da zan ambata duk na canza su, amma duk da haka na daɗe ina rubutawa ina gogewa.

A Birmingham na girma, a hannun ƙanwar babana, zan kira ta Goggo Diep. Da kuɗin shagonta na gyaran farce na yi makaranta. Da yake Turanci ya zauna a bakina da wuri, tun ina sakandare nake raka mutanenmu asibiti da banki ina yi musu tafinta. Duk wadda aka aiko wa takardar hukuma, gidanmu take kawowa. Matan cocinmu Baturiya suke ce mini, Goggo kuwa ko baƙi aka yi sai ta nuna ni ta ce, "Ga lauyata nan, ba ta karɓar ko sisi." Ba zan ɓoye miki ba, abin yana yi mini daɗi, har ya ɗan hau mini kai.

Mijina, Thuan, a gida Vietnam na haɗu da shi lokacin da na je jana'izar kakarmu. Injin jirgin kamun kifi yake gyarawa, mutum ne mara yawan magana, mai haƙuri. Goggo ba ta so ba. Cewa ta yi, "Ga maza nan masu takarda birjik, sai kin je ƙauye kin ɗauko kaya? Miji za ki kawo mana ko ɗan goyo?" Na kafe, na cike takardun da hannuna, ya zo da bizar aure. Yanzu muna da 'ya, Ngan, ta fara tafiya. Goggo ta ba shi aiki a kujerar can baya ta shagon, inda ake gyaran farcen ƙafa. Yini yake da takunkumi a baki, kai a sunkuye, kuma dokar shagon ita ce na baya ba sa yi wa masu zuwa magana, wai kada Turancinsu ya kori ciniki.

To, bizar saura kamar wata takwas ta ƙare. Kafin a sabunta, sai mun nuna abin da muke samu ya kai abin da aka ƙayyade, shi kuma ya ci jarrabawar magana da Turanci, wadda ta fi wadda ya ci kafin ya zo wuya. In ba haka ba ana iya cewa ya tattara ya koma.

Tun da na haihu na koma rabin aiki a kantin maganin da nake, albashina da nasa ko an haɗa ba sa kaiwa. Na san da haka, ban kuma damu ba, don na karanta cewa ajiya tana cike giɓi. Ajiyarmu kuwa tana adashin Goggo. Kin san yadda namu yake. Duk wata bayan an taso daga coci a taru a falonta, a ci miyar taliya, sannan duk mai son ɗauka ta rubuta a 'yar takarda abin da ta yarda a rage mata, Goggo ta buɗe ta karanta da ƙarfi, wadda ta fi saki ita ke kwasa. Mai haƙuri har ƙarshe ita ce mai riba, ita ce kuma mai mutunci. Wadda ta yi gaggawa, kafin ta kai mota an fara tambayar ko mijinta caca yake yi. Ni da bakina na sanar tun ranar farko cewa hannuna na ƙarshe ne, ba na buƙata. Na lissafa zai faɗo ana saura wata ɗaya bizar ta ƙare, in kai banki, in karɓo takardar shaida, shi ke nan. Har yaba wa kaina dabara nake yi.

Makon jiya na raka wata baiwar Allah wurin lauya a kan bizar nata mijin. Lauyan yana faɗa ina juya mata. Sai ya ce ajiya ba ta shiga lissafi sai ta yi wata shida a banki da sunan mutum, kuma sai an faɗi inda ta fito. Inna, da bakina na fassara wannan maganar, alhali namu kuɗin wata ɗaya kawai za su yi a banki. Matar har tana godiya tana cewa da ba don ni ba da ta yi kuskure. Na yi mata murmushi, na fito na zauna a tashar bas. Na zama inuwar giginya, na nesa ka sha.

Ga kuma jarrabawar. Ya shiga watan da ya wuce, ya faɗi. 'Yar hira ce ta mintoci kaɗan, me kake yi ranar hutu, wane abinci kake so. Da ya fito na tambaye shi abin da ya faru, sai ya ce, "Maman Ngan, na ji tambayar sarai. Na juya hagu in dube ki, sai na ga bango." Dariya ya yi, ni kuwa na kasa. Don gaskiya ne, kullum ina hagunsa. A wurin likita ni ke faɗin inda ke masa ciwo. A kanti in ya fara haɗa kalma, mai kanti ya ɗan ɗaga gira, sai in karɓe zancen, in ce masa, "Yaya, bari kawai, muna sauri." Na ɗauka sauƙaƙa masa nake yi. Wani lokacin kuma, in faɗa miki gaskiya, kunyar Turancin nasa nake ji a gaban Turawa. Mutumin da yake kwance inji ya mayar ba tare da ya duba littafi ba, na mai da shi bebe.

Shi bai san maganar kuɗin ba har yanzu. Hankalinsa kwance, in maganar biza ta taso sai ya ce ai takardu nawa ne, shi ƙarfe ya sani. Jiya ina kallonsa yana hura wa Ngan kunun shinkafa, sai da na shiga banɗaki na yi kuka.

In ina so kuɗin su cika wata shida a banki, dole in ɗauka a zaman wannan Lahadin ko na watan gaba. Wato in rubuta takarda, Goggo ta karanta sunana a gaban matan da nake cike wa takardu. Ina jin muryarta tun yanzu: "A'a, lauya ce yau da gaggawa? Ɗan goyon ne ya yi nauyi?" Ba muguwa ba ce, amma bakinta ba ya da linzami, kuma ba ta manta cewa ta hana ni auren.

Akwai wani mutum da ake raɗe-raɗinsa a shagunan farce. In ka biya shi, yana haɗa maka takardun albashi na wani kamfani kamar a can kake aiki, har da shigar kuɗi a banki. An ce wasu sun yi sun wuce. Na karɓi lambarsa, ban kira ba, amma ban goge ba. In na bi ta nan, babu wanda zai sani, ba Goggo, ba matan coci, ba Thuan. Na san ba daidai ba ne. Amma duk lokacin da na tuna falon nan da idanun nan, sai in ji gara ƙasa ta tsage in shige. Inna, ya zan yi? Ba na son 'yata ta san ubanta ta waya kawai.

Taki,
Tafintar Kowa, Birmingham

*

'Yata Tafinta,

Share hawayenki, wata takwas lokaci ne in kin tashi yau. Bari in fara da abin da ba ya jira: goge lambar mutumin nan. Waɗanda suka wuce kike jin labarinsu, waɗanda aka kama ba sa zuwa coci su ba da labari. Ƙarancin kuɗi matsala ce da ake gyarawa, har lauya ya tsaya muku. Takardar ƙarya kuwa in aka gano, tana iya rufe wa mijinki ƙofa shekaru, ke ma ta ja miki shari'a, kuma da sunansa za a shigar da ita, a kan abin da bai ma sani ba. Kada ki gudu daga gara ki faɗa gidan zago.

Na biyu, ki faɗa wa Thuan, yau ɗin nan, kafin Goggo, kafin kowa. Zamansa ne a ƙasar nan ake magana, gumin da ya zuba a adashin nan bai fi naki ƙanƙanta ba. Zai ji zafi, wataƙila ya yi fushi, yana da haƙƙi. Amma na ga alamar mutum ne da in an nuna masa inda abu ya lalace, gyara yake nema, ba mai laifi ba.

Ba zan ɗora miki laifin duka ba. Yarinyar da aka sa ta zama bakin manya tun tana sakandare, ba abin mamaki ba ne ta girma ba ta iya yin shiru ba, ba ta kuma iya cewa "ban sani ba". Adashi ma ba wauta ba ne, da shi iyayenku suka buɗe shagunan nan lokacin da banki ba ya kallonsu. Hukuma ce ba ta san shi ba, ita abin da ke rubuce take gani. Naki kuskuren shi ne kin karanta rabin doka kin rufe, don kin saba ke ake tambaya.

Ki koma wurin lauyan nan da Thuan, a matsayin masu neman shawara, ki biya kuɗin zama. Ki faɗa masa komai game da adashin. Ki sani ba lallai a karɓi duk abin da kuka kwasa a matsayin ajiya ba, tunda akwai sauran zubi a kanku, kuma za a so shaidar inda kuɗin suka fito. Shi zai faɗa muku, dokokin nan kuma suna sauyawa, kada ki dogara da ni ko da abin da kika tuna. Saboda haka kada ku rataya komai a ƙusa ɗaya. Ki tambayi kantinku ko za su mayar da ke cikakken aiki tun wannan watan, Goggo kuma ta ƙara wa Thuan awoyi a rubuce, albashi ta banki. Watannin da ake so a gani a takardar albashi ma yanzu ne za su fara ƙirguwa.

Goggo kuwa, kada ki bari sai Lahadi. Ki je gidanta ke da mijinki a tsakiyar mako, da 'yar tsarabarku, ki ce kin yi kuskure kina neman taimako. Za ta yi magana, ki bar ta ta yi, tana bin ki bashin shekaru. Amma matar da ta raine ki, ta ba mijin da ba ta so aiki, ba za ta zuba ido a raba jikarta da uba ba. Uwar adashi tana da hanyar shawo kan masu son ɗauka su ɗaga miki ƙafa. A ziyarar nan ki roƙe ta abu na biyu: ta matso da Thuan kujerar gaba ko da yini biyu a mako, ya gaisa da mutane, ya tambaye su launin da suke so. Ki sa shi ajin yamma, akwai masu sauƙin kuɗi a unguwanni. Ke kuma in kun fita, ki kama bakinki. Ya yi tuntuɓe, mai kanti ya jira, ba a taɓa mutuwa da jiran kalma ba. Jarrabawar ana sake ta, ku yi rajista da wuri don a sami sarari ko da an sake faɗuwa.

Saura falon. E, za su yi magana, ba zan yi miki ƙarya ba. Mako guda, ko biyu, sai wani labarin ya zo ya ture naki. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ki auna da kanki: su yi 'yan kwanaki suna cewa Baturiya ta yi kuskure, ko su yi shekaru suna rage murya in kin shigo coci ke da yarinya, kujerar gefenku ba kowa. Rubuta takardarki ranar Lahadi, ki miƙa da hannunki, ki zauna a karanta.

Allah ya ba Thuan sa'ar jarrabawa, ya raya Ngan a gaban ku biyun.

Inna Lieu