Mijina Yana Kashe Injin Ban-Ruwa, Tattasai Na Mutuwa

Malam Ilu, assalamu alaikum. Ka taimake ni da shawara tun ban yi abin da zan zo ina cizon yatsa ba. Amma in gaya maka tun farko, kai ma haushinka nake ji. Na karanta abin da ka rubuta watan jiya, wai masana sun bincika ƙwaƙwalwa sun gano tsoro yana kashe himma, yana dagula tunani. Na ce to madalla, an samo wa malalata sabon uzuri. Ku da kuke zaune a Yamai ƙarƙashin fanka, me kuka sani game da tsoro?

Mu mutanen wani ƙauye ne a bakin kogin Komadugu, kusa da Bosso. Maigidana manomin tattasai ne, kuma ba don mijina ba ne, babu kamarsa a yankinmu. In ya kalli ganye sai ya faɗi kwana nawa rabonsa da ruwa. Motopom, injin ban-ruwa, da kunne yake gano ciwonsa. Fangali fiye da talatin, kowanne da hanyar ruwansa, duk a kansa suke, ba takarda ba alƙalami.

A ƙarshen 2015, tattasai ya fara ja, 'yan Boko Haram suka shigo da hantsi. Ka san gwamnati ta hana hawan moto, wato babur, a nan, don haka duk wanda ya ji ƙarar moto ya san ba alheri ba ne, sai gudu. Kowa ya ji ya tsere. Shi da ƙanensa Awalu ne kawai ba su ji ba, suna tsugune kusa da injin, ƙararsa ta cika musu kunne. Shi ya faɗa cikin kwatar ruwa ya kwanta. Awalu ba a ba shi wannan damar ba. Allah ya jiƙansa.

Muka zo Diffa. Shekara uku da rabi ni ce layin rabon abinci, ni ce tuyar ƙosai a bakin hanya, ni ce komai. Shi yana kan tabarma yana kallon bango. Na yi haƙuri, na ce rashin garka ne. To bana Kawu Baƙo, ƙanen mahaifiyarsa, ya ba mu aron garka a Shetimari har da injinta. Sharaɗi ɗaya ya sa: a yi aiki, in ba haka ba ya ba wani. Na sha wahalar takardar izinin sayen esans, wato fetur, da taki, na kawo na ajiye wa maigidana a gabansa.

Malam, ka san abin da bawan Allahn nan yake yi? Zai tada injin, ruwa bai kai fangali na uku ba ya kashe, ya miƙe tsaye ya karkata kunne wajen hanya. Ya sake tadawa, ya sake kashewa. Daga ƙarshe ya ɗauki bokiti yana jido daga kogi, ga inji a zaune lafiyarsa lau! Na ja shi wurin wata Rashida, ma'aikaciyar wani proje mai zama da 'yan gudun hijira. Ta zana mana hoton kai a takarda, ta yi ta irin zancenka. Na tashi na bar mata kujerarta.

Sai na ce bari in yi masa irin tamu. Na kira gayyar dashe, na dafa tuwo, maza kusan ashirin suka zo. Tunanina in ya ga 'yan'uwansa maza zuciya za ta motsa. Na roƙi Gana maƙwabcinmu ya zauna kan injin, kada ya bari a kashe ko da minti ɗaya, sauran kuma su ɗan zolaye shi. Aka tada. Mutumin da yake ban-ruwa ido rufe, sai ya fasa hanyar da ba ita ba, ruwa ya afka kan irin da muka rena ya kwashe kusan rabi. Ya tsaya da fartanya a hannu kamar bai taɓa ganin garka ba. Raina ya ɓaci, a gaban kowa na ce zuciyarsa ta mutu, na ce da ma Awalu ne ya rayu. Na faɗa. Har yau ban san ko na yi nadama ba.

Tun ranar ba ya magana, abinci ma sai ya juya mini baya. Kawu ya ce in Jumma'a biyu ta wuce ba a dasa sauran irin ba, zai karɓi garkarsa. Ni kuwa shirina in tara dattawan danginsa su wanke shi tas, ko kunya ta tashe shi.

Kada ka ce mini tsoro ne. Ni ma na yi gudu da goyo a baya, ni ma na tsallake gawa. Don me ni ban zauna ba? E, kwanan nan nakan shiga kasuwa in tsaya na manta abin da ya kawo ni, ƙosai yakan ƙone ina kallonsa, amma ai ban daina fita ba. Ka gaya mini gaskiya, ba zancen littafi ba: in tara dattawan ko a'a?

Mai Tuyar Ƙosai, Diffa

*

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Haushin da kike ji na karɓa, kuma gaskiyarki, ban ga abin da kika gani ba. Shekara uku da rabi kina ɗauke da gida ke kaɗai, duk wanda ya ce kada ki yi fushi bai yi miki adalci ba. Amma amsar tambayarki a'a ce. Kada ki tara dattawan.

Malalaci ba ya barin inji ya ɗauki bokiti. Mijinki aikin da ya fi wuya ya zaɓa, don kawai kunnensa ya zauna a buɗe. Ranar da ƙarar inji ta hana shi jin moto ya rasa ƙanensa, jikinsa kuma ya riƙe wannan darasi. Ki tuna har yanzu bakin kogin bai gama lafawa ba, saboda haka sauraren da yake yi ba hauka ba ne, yawa ne ya yi.

Ga abin da masu binciken suka gano, a taƙaice. Tsoro da himma da tunani ba a ware suke a cikin kai ba, kowanne yana jan ɗan'uwansa. Akwai wani ɗan sashe a can ciki mai gadin haɗari. In ya tashi da ƙarfi, sashen da ke bayan goshi, wanda yake tsara aiki, wannan kafin wancan, sai ya yi rauni. Himma kuma tana rayuwa ne a kan tsammanin cewa wahala za ta haifar da sakamako, shi kuwa ya ga aikin shekara ya tashi a banza cikin hantsi ɗaya. Sun kuma gano cewa tozarci a gaban jama'a yana tada jiki kusan yadda haɗari yake tada shi. To ki duba ranar gayya: inji na ruri, an hana shi kashewa, idon mutum ashirin a kansa, ana zolaya. Iliminsa bai gudu ba, hanyar kaiwa gare shi ce ta toshe. Taron dattawa gayya ta biyu ce, abin da ta farko ta haifar shi zai haifar.

Me ya sa ke ba ki zauna ba? Mutane biyu sukan ga abu ɗaya, ɗaya ya daskare, ɗaya ya kasa tsayawa. Fushi ya riƙe ki, ya ciyar da 'ya'yanki, amma shi ma yana ƙuntata tunani. Mantuwar kasuwa da ƙosan da ke ƙonewa alama ce cewa ranar nan ba ta sake ki ba ke ma. Ki koma wurin Rashida, ku biyu, wannan karon ki zauna har ta gama.

Kafin nan, ki je wurin Kawu Baƙo da kanki, ki ba shi labarin injin yadda kika ba ni, don mai yiwuwa bai taɓa haɗa abin ba. Ki roƙe shi ya bar muku ko da rabin garkar bana. Irin da ya rage ma iyakarsa ke nan, kuma ƙaramin aikin da aka gama ya fi tada himma a kan babban da aka kasa. A samo tiyo mai tsawo a matsar da injin nesa. A kafa itace mai alama a bakin kowace hanyar ruwa, don kada komai ya dogara ga kan mijinki ranar da kan ya cika. Ikon kashe injin ya zauna a hannunsa shi kaɗai, ba mai zama a kai. Ya fara da minti biyar, gobe goma. Tsoro yana raguwa ne in mutum yana kusantarsa kaɗan-kaɗan bisa zaɓinsa. Ba zan yi miki alkawarin warkewa cikin mako biyu ba, amma dashen rabin garka mai yiwuwa ne.

Saura maganar Awalu. Kin ce ba ki san ko kin yi nadama ba, amma wadda ba ta yi nadama ba ba ta rubuto wa baƙo wannan maganar. Ina kyautata zaton abin da kika faɗa a gaban maza, mijinki ya daɗe yana faɗa wa kansa a ɓoye. Ki ba shi haƙuri, ku biyu kawai, ba tare da kin bi shi da “amma” ba.

Sannan ranar da zai tada injin, ki ajiye kaskon ƙosai na safiya ɗaya ki bi shi Shetimari. Ki hau tudun da ake hango hanya ki tsaya inda zai riƙa ganinki. Abin da yake nema ke nan duk lokacin da ya kashe injin: wanda zai saurara masa hanya yayin da kansa ke sunkuye. A duniya babu wanda zai yarda da kunnensa kamar matar da ta fito da 'ya'yansa da rai.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya ba Komadugu zaman lafiya, ya nuna muku jan tattasanku.

Malam Ilu