Takun Baba

Yaya Safiyatu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya jikin Inna, ya ƙarin haƙurinmu? Ni lafiya lau nake a Alƙahira, sai ɗan ciwon ido saboda kwamfuta, kada ki damu.

Akwai maganar da na kasa faɗa miki a waya. A katun ɗin da muke haɗa wa talabijin an ba ni wani tsoho in sa shi tafiya, ya ƙi, sai ka ce itace. Sai na ɗauko bidiyon Baba yana dawowa daga kasuwar Mai'adua, na kwafi takunsa: jan ƙafar hagun nan, hannu a baya riƙe da carbi. Maigidana ya yaba sosai. Ni da ban samu jana'izar Baba ba, ga ni kullum ina tashinsa ya yi mini tafiya, ban tambayi kowa ba.

Asabar za a fara nunawa a tashar da 'yarki Khairat ke kallo. Don Allah ki riga gaya wa Inna. Fuskar ba tasa ba ce, amma kin san Inna, tun daga zaure take gane takunsa.

Ku yafe mini.

Ƙaninki,
Ikrima