Kallabin Yagana

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, da addu'ar Allah ya yalwata miki makwanci. Na san wannan takarda ba za ta same ki ba. Ko kina raye ma ba karanta ta za ki yi ba, sai dai ki miƙa wa ɗan maƙwabta ya karanta, ke kuma ki juya baya kina tsince wake kamar ba da ke ake ba. To, yau babu ɗan maƙwabta. Daga ni sai ke.

Bari in fara da labarin gida, don na san shi za ki fara tambaya. Goggo Hajara tana nan a Gagamari, ƙafa ta matsa mata, amma bakin nan lafiyarsa lau. Ita ke kwana a ɗakinki yanzu. Akuyarki ta haifi biyu, Goggo ta sayar da ɗaya, ta ce ɗayan nawa ne in na tashi aure, ban san wa ya gaya mata ina shirin tashi ba. Kogin Komadugu ya cika bara har ya shiga gonakin mutane. Wasu daga cikin namu sun koma garinmu Barwa, suna aiko labari cewa tattasai ya yi kyau, kifi ma ana samu. Ni ban taka ba. Wa zan tarar a can? Ina nan Difa a makarantar koyon jinya, shekarar ƙarshe. Ina da ɗan ɗaki na haya, katifa da buta da littattafai. In na dawo babu mai ce mini sannu, sai in kunna rediyo don kawai in ji muryar mutum.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa, a aji ya same ni.

Akwai wani darasi da ake mana a kan ladubban aikin lafiya, wato abin da ya kamata ma'aikaci ya yi da wanda bai kamata ba idan majinyata suka yi yawa, magani ya yi kaɗan. Wata rana malaminmu ya zo da wata takardar bincike da Faransanci, yana ta washe baki. Ya ce a yankinmu aka yi aikin, cikin mutanen da rikici ya koro daga bakin ruwa. Ya ce takardar ta zaga duniya, ana karantar da ita a jami'o'in da ba su taɓa jin sunan Difa ba, kuma masana da yawa in za su yi rubutu a kan irin wannan matsala sai sun kafa hujja da ita. Har wasu masu aikin agaji sun sauya yadda suke horar da ma'aikatansu saboda ita. Muka gyara zama, mu ma yau ga namu a littafi.

Kin tuna likitar nan 'yar Yamai da ta riƙa zuwa Gagamari da tafintarta, shekarar da muka sauka? Ranar da ta shiga wurinki kika kore ni ɗiban ruwa, alhali randa cike take. Ita ce ta rubuta, ita da abokan aikinta.

A tsakiyar takardar akwai labarin wata mata. Sun raɗa mata suna Mariama, ba rago ba goro, suka ce sun sauya sunan ne don a rufa mata asiri. Manomiyar tattasai ce, mijinta ya rasu tun kafin gudu. Ta iso wani wurin jinya na wucin gadi da 'ya'ya biyu, namiji babba da mace ƙarama, dukansu zazzaɓi ya kayar, ba wanda ke gane mutane. Motar da za ta kai marasa lafiya babban asibiti ta cika da masu rauni, saura wurin mutum ɗaya. Ma'aikacin da ke wurin ya duba wannan, ya duba wancan, ya rasa wanda ya fi wani, sai ya tambayi uwar wanne za a ɗauka. Ba ta yi magana ba. Ta cire jiƙaƙƙen kallabin da ke goshin yarinyar, ta ɗora a goshin yaron. Aka ɗauki yaron. Yarinyar ba ta ga motar da ta dawo ba.

Inna, kallabin yana cikin akwatina.

Ja ne mai ɗigon fari, na Yagana, wanda kika saya mata da sallah. Da shi na farka a asibitin Difa bayan an kwaso ni daga wurin jinyar nan na Yebi, ya bushe ya manne mini a goshi. Da kika iso ke kaɗai, ban tambaye ki ba, ke ma ba ki ce komai ba. Goggo ce ta gaya mini Yagana ta koma, ta ce likitoci ne suka ɗauke ni don sun ga kamar zan tashi. Na yarda. Kallabin kuwa na ɗauka cikin ruɗewa ne aka haɗo shi da ni, na ajiye shi don shi kaɗai ya rage na ƙanwata.

Ni ne ɗan farinki, kuma kin riƙe kunyar nan yadda iyayenki suka riƙe ta, har kin fi su. Ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Ni ne kai, ni ne wancan, ni ne yaron gidan nan. In kin zuba mini tuwo sai ki ajiye ki gaya wa iska cewa ga abinci nan ga mai ci. Yagana kuwa auta, daga safe zuwa dare sunanta ne waƙarki. Na san al'ada ce, kowa ya sani, abokaina 'ya'yan fari duk haka suka tashi. Amma sanin abu daban, zuciyar yaro daban. Abin da ban taɓa faɗa miki ba shi ne, duk shekarun da muka yi a Gagamari ina zaune da tunanin cewa da ke aka bai wa zaɓi, da ni aka binne a Yebi. In na ga kin yi shiru kina kallon ƙasa, sai in ce a raina baƙin cikin wanda ya rage kike yi. Shi ya sa nake daɗewa a waje, shi ya sa ko ranar da kika kwanta ciwon ajali na fi zama a bakin ƙofa. Ki yafe mini.

Ashe an tambaye ki suna ne, kuma sunan da kike son faɗa shi ne wanda bakinki ba ya iya faɗa. Sai kika amsa da hannu.

Da malam ya gama karantawa, ya ce mu tattauna. Nan fa aji ya ɗauka. Wani ya ce ai a fili take, ta zaɓi namiji ne don mutanenmu ba su ɗauki 'ya mace a bakin komai ba. Wata ta ce a'a, lissafi ta yi, babban zai iya noma ya ciyar da ita. Wani mai son a san ya yi karatu ya kawo sunayen masana, ya ce irin wannan uwa ba ta cikin hayyacin da za a kira abin da ta yi zaɓi. Suna ta juya ki kamar waina a tanda. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na so in tashi in ce musu wannan matar da kuke yanka, ita ce ta yi wata biyu ba ta iya haɗiye tuwo, ita ce har ta mutu ba ta ƙara ɗaura jan kallabi ba. Amma da me zan kare ki? Ni ma ban san dalilinki ba. A takardar an ce likitar ta tambaye ki, kika ce mata ba a yi wa uwa wannan tambaya. Me ya sa ni, Inna? Don ni namiji ne? Don kin ga numfashina ya fi nata? Ko kuwa bashin kiran suna ne na shekara da shekaru kika biya a lokaci ɗaya? Da aka tashi, na fita na bi hanya ban san inda nake zuwa ba, sai ga ni a bakin kasuwar tattasai ina atishawa da hawaye, ba wanda ya kula, don kowa a wurin haka yake.

Ba zan ɓoye miki alherin abin ba. Yanzu abin da ake koya mana shi ne, idan irin wannan rana ta zo, ma'aikaci ya ɗauki nauyin a kansa, shi da abokan aikinsa, ya yanke bisa abin da ya gani a jikin majinyaci, ya yi wa iyaye bayani, kada ya ɗora wa uwa kayan da za ta mutu da shi. Malam ya ce labarin Mariama yana cikin abubuwan da suka jawo haka. Ke da ba ki taɓa zama a aji ba, ga ki kina karantar da likitoci. Ina alfahari, amma babu wanda zan yi wa.

Da jarrabawa ta zo, aka tambaye mu darasin da ke cikin labarin. Na rubuta cewa sauya suna bai isa rufin asiri ba, da sun cire maganar kallabin. Malam ya ja layi da jan biro, ya rubuta a gefe cewa na fita daga tambaya.

Makon jiya likitar da kanta ta zo makarantarmu. Ta yi furfura, ta sa tabarau. Na sako kallabin a aljihu da niyyar in nuna mata, in ce ga yaron. Wataƙila ta tuna wani abu da kika faɗa wanda bai shiga takarda ba. Wataƙila ta san dalilin. Ita kaɗai ta rage a duniya da ta ji wannan labari daga bakinki. Cikin jawabinta sai ta kawo maganarki. Ta ce matar ba ta nemi ko ƙwayar gero ba, sharaɗi ɗaya ta kafa kafin ta buɗe baki, kada ɗanta ya taɓa sani. Ta ce duk yabon da takardar ta samu bai kai mata daɗin cewa ta cika wannan alkawari ba.

Aka yi tafi. Ɗalibai suka yi layi suna gaishe ta, ni ma na bi, hannuna cikin aljihu. In na fito da shi, na gaya mata ta karya alkawari ba da saninta ba. Kuma mace ce mai gaskiya, na ga alama, za ta rubuta wata takardar a kan kuskuren, duniya ta sake karantawa, a ce ga ɗan Mariama ya gano uwarsa a aji. Wataƙila hakan ya amfani wasu, ban musa ba. Amma ke kin nemi sutura ne, kuma ba ni ne zan yaye miki ita a gaban jama'a ba. Da layi ya zo kaina na gaishe ta, na ce Allah ya saka da alheri. Ta tambayi garinmu, na ce nan kusa ne. Na wuce.

Don haka babu wanda ya sani. Goggo ba ta san na sani ba, malam bai sani ba, likitar za ta koma Yamai da farin cikinta. Ke kaɗai nake gaya wa, ke ɗin da kika fi kowa ƙin in sani. Kada ki ji kunya, Inna. Ai ba ki faɗa ba, ni ma ba zan faɗa ba. Ki gaida Yagana, ki ce mata kallabinta yana nan, na wanke shi na ninke, kuma ban manta a goshin wa yake ba kafin ya zo nawa.

Allah ya jiƙanku, ya haɗa mu a inda ba a tambayar uwa ta zaɓa. Na bar ki lafiya. Ba zan sa suna a ƙasa ba, kin san shi.

Naki,
yaron gidan nan.