Ɗakin Ƙanƙara da Zauren Baba

Daura,
Janairu, 2002.

Zuwa ga Mardiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya jiki, ya ruwan zafi? Ya baƙuwarmu? Hamma direba ya ce ya gan ta, wai hancina ne sak. Allah ya sa ƙarya yake yi, don mace da irin hancina sai dai haƙuri. Ki gaida min iyayenki Baba da Inna da duk mutanen Mashi, Allah ya saka musu da alheri kan ɗawainiya.

Gida ba daɗi tun da kika tafi wanka. Shago ma haka, sai in wuni ban buga ƙusa ɗaya ba. Jiya Yaya Abdulrazak ya aiko da buhun gero daga Kano, tare da wa'azin da ya saba haɗawa da shi. Geron na karɓa, wa'azin kuma ya tsaya min a wuya. Na gaji da cin hannunsa, Mardiyya, kuma ina jin na samo mafita.

Kin tuna takardar nan da abokina Sha'aban masunci ya kawo mana tsire a ciki, wadda kika so jefawa a murhu na hana? Hoton Turawa ne a ƙasar da kogi ke daskarewa. Sun ƙera ɗan ɗaki mai tayoyi, sun ja shi da mota har kan ƙanƙara, suna zaune a ciki suna kamun kifi ta rami. Na daɗe ina kallonsa. Mu ba mu da kogin da ke daskarewa, amma muna da kifin da ke ruɓewa. Sha'aban ya ce da zafi ya shigo, duk karfasa da tarwaɗar da suka kama a dam da safe sai su sayar wa 'yan sari a wulaƙance kafin azahar, don ba ta kaiwa kasuwar Daura da mutuncinta. To, Turawa suna kai ɗaki kan ƙanƙara, ni zan sa ƙanƙara cikin ɗaki in kai shi bakin ruwa. Gaba wurin kwanciyar mutum ɗaya, baya akwatin ƙanƙara, shanun Sha'aban su ja shi kamar amalanke.

Ba a shago zan yi aikin ba. A tsakar gida zan yi shi, gaban ɗakinki, inda ido ba ya kaiwa. Kin san mutanen garin nan, ga baki ga kwaikwayo. Kada ki ji komai game da fitar da shi, na auna ƙofofin zaure duka biyun, ta ciki da ta waje, har da saura. Allah ya jiƙan Baba mahaifina, da faɗi ya yi su saboda jakunansa na hatsi.

Kada ki faɗa wa kowa, ko da Inna ce. Ki shafa min kan yarinyar.

Naki,
Badaru.

Daura,
Fabrairu, 2002.

Mardiyya,

Sallama da gaisuwa. Ina fata ku duka kuna lafiya, kuma tarin da kika ce yana damun yarinyar ya sauka.

Saƙonki ya iso, kuma ya ɗaure min baki. Ban roƙe ki gadon ƙarfenki ba, ke kika ce in ɗauka in yi ƙashin ɗakin da shi, kya kwana a katifa a ƙasa. Gadon da Inna ta yi miki na aure! Allah ya bar mu tare. Na yi miki alkawarin wanda ya fi shi kafin damina.

Aiki ya yi nisa. Na samo ƙafafun baya na wata tsohuwar fijo, mai walda ya zo da injinsa har cikin gida ya rage musu faɗi daidai da ƙofa, ya haɗe su da ƙarfen gadon. Bango biyu na yi wa akwatin, falanki ciki falanki waje, na cusa garin katako da ƙaiƙayi a tsakani na danne sosai, sannan na lulluɓe cikin da kwano. Na bar ƙaramar kafa a ƙasa don ruwa ya tsiyaye. Da faɗi ba shi da yawa, sai tsawo, kamar kwalekwale mai rufi. Har taga na yi masa, da ƙusar rataye fitila.

Shekaranjiya na gwada shi. Hamma ya kawo min dunƙulen ƙanƙara daga Katsina, na sa a ciki na rufe. Yau da safe na buɗe, wallahi tana nan, ko rabi ba ta zube ba. Sha'aban ya sa hannu ya taɓa, ya dube ni, ya sake taɓawa, sai dariya ta ƙwace masa har da hawaye. Ya riga ya yi wa Sarkin Ruwa magana, an ware mana wuri a gindin wata tsamiya kusa da inda masunta ke fitowa. Bayan Babbar Sallah za a buɗe ruwa a fara kamun kifi.

Rabon da in yi barci mai daɗi irin na kwanakin nan har na manta. Ki taya ni addu'a.

Mijinki,
Badaru.

Daura,
Maris, 2002.

Mardiyya,

Assalamu alaikum. Da fatan kun yi Sallah lafiya. Ki yi haƙuri da rashin zuwana da kuma shiruna. Na san labari ya riga ni isowa, don bakin Hamma ba ya rufuwa, amma gara ki ji daga gare ni.

Ɗakin bai fita ba.

Ran nan da sassafe Sha'aban ya zo da shanunsa ya tsayar a ƙofar gida, muka samu majiya ƙarfi muka turo shi. Ya shiga ƙofar ciki sumul, kamar yadda na auna. Sai hancinsa ya daki bangon zaure, alhali gindinsa bai gama barin tsakar gida ba. Kin san ƙofofin zaure ba sa kallon juna, don kada mai wucewa ya hango cikin gida. Sai ka shiga ka karya kwana kafin ka fita. Jaki yana lanƙwasa jikinsa, mutum ma haka, amma ƙarfe da falanki ba su san wannan ba. A zauren nan aka yi min kaciya, na bi ta cikinsa sau abin da ba ya ƙirguwa, ƙafata ta san kwanar nan ko a duhu, amma ranar awo faɗi kawai na auna. Muka ja baya, muka karkata, muka cire tayoyi, muka ɗaga, duk a banza. Kafin hantsi unguwa ta cika ƙofar gida. Abin da na ɓoye wa ido ɗaya, sai ga shi gari guda yana kallo. Yanzu yara akurkin Badaru suke ce masa.

Ta baya babu hanya, ɗakunan maƙwabta ne manne da katangarmu. Magini ya duba ya ce maganin ba wuya: a sare kamu ɗaya daga gefen ƙofar ciki, a tokare azara, a fitar da ɗakin, ya mayar da ginin a yini guda ya yaɓe, ba wanda zai gane. Amma gidan gado ne, ba a raba ba, kuma Yaya ne babba. Ban ɗaga gatari ba, na hau mota na tafi Kano.

Mardiyya, har ƙasa na durƙusa masa a shagonsa, gaban yaransa. Ya bar ni a durƙushe har ya gama sallamar masu sayen atamfa. Sannan ya ce zauren nan hannun Baba ne ya gina shi, a cikinsa Baba ya cika, kuma muddin yana numfashi ba mai ɓantarar ko loma ɗaya ta ƙasarsa. Har idonsa ya kawo ruwa. Ya ce yanzu zamanin shari'a ne, in na kuskura na taɓa, alƙali ne zai raba mu. Ya ƙare da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, in koma in riƙe zartona in bar mafarkin Turawa.

Ni na yi jinyar Baba a zauren nan. Ni nake yaɓe shi duk shekara kafin ruwa ya sauka, da hannuna. Shi kuwa Yaya sai dai ya zo da Sallah ya zauna a kan buzu a gaishe shi. Amma da ya ambaci Baba sai na tashi na kamo hanyar gida. Na ce a raina wataƙila shi ne mai gaskiya, ni ne son zuciya ya rufe wa ido.

An buɗe ruwa. Sha'aban ya ce kifi ya yi albarka bana, kuma 'yan sari suna nan suna cin karensu ba babbaka.

Ki gaida su Inna. In sun tambaya, ki ce ina lafiya.

Badaru.

Daura,
Ƙarshen Maris.

Mardiyya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga saƙonki, na gode da ba ki ce min komai ba sai haƙuri. Da kin yi faɗa ma da ya fi min sauƙi.

Na wargaza ɗakin. Yaya ya aiko cewa in kawar da tarkacen nan daga tsakar gidan mutane, kuma Sarkin Ruwa ya ce ba zai ci gaba da tsare mana gindin tsamiya ba alhali wasu na nema. Na ce bari in fitar da shi gunduwa-gunduwa in sake haɗawa a waje. Abin da aka ƙera don kada iska ta shiga ba ya buɗuwa ta lalama. Kwanon ya yayyage a bakin ƙusoshi, falankan suka tsattsage, garin katako ya watse ko'ina har cikin randarki. Mai walda ya yanka ƙarfen gida uku, ya ce ko an sake haɗawa ba zai ɗauki nauyin ƙanƙara a hanyar dam ba. Da nake zare ƙusoshin, ji nake kamar haƙorana nake cirewa.

Tayoyin wani mai amalanke ya ɗauka. Sauran suna jibge a bayan gidan Sha'aban, awaki na hawa. An ba wani mai shayi wurinmu.

Abu ɗaya nake rarrashin kaina da shi: zauren Baba yana nan yadda ya bar shi, ban zama ɗan da ya rushe ginin ubansa ba.

Na share tsakar gida. Ki fara shiri.

Naki,
Badaru.

Daura,
Afrilu, 2002.

Mardiyya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da yarinyar da su Baba da Inna. Ni jikina lafiya lau.

Ranar Talata ina shan koko sai na ji duka a bango. Na fito na tarar da leburori a kan zaure da diga da shebur, magini yana nuna musu. Maginin nan dai da ya ce min kamu ɗaya. Da ya gan ni sai ya sunkuyar da kai. Ya ce Yaya ne ya turo su. Wai Yaya ya sayi mota, kuma ba zai riƙa barinta tana kwana a titi ba in ya zo gida, don haka za a sauke zauren a yi babbar ƙofar ƙarfe, a fitar da shago ɗaya a gefe.

Kafin la'asar babu zaure. Azarorin da Baba ya ɗauko a kan jakunansa suna zube a kwata, mata na tambaya ko na sayarwa ne, za su yi itace. Dakalin da yake zama, inda na riƙe kansa ranar da ya cika, diga biyu aka yi masa. Ba alƙali, ba hawaye, ba wanda ya tambaye ni, ni da nake da rabo a cikin kowace ƙasa da ta faɗo. Ashe ba zauren ne ba ya taɓuwa ba, ni ne ban isa ba.

Wallahi ba ɗakin ne ya fi ci min rai ba. Abin da ke ƙona ni shi ne na yarda da shi. Na ga ruwa a idonsa na ɗauka na Baba ne, na dawo na sa hannuna na kashe abin da na ƙera, har ina gode wa Allah da ya tsare ni daga saɓa wa babba. Sha'aban ya ce in kai ƙara, yanzu ni ke da gaskiya a gaban alƙali. In kai ƙara a ba ni me? A mayar da zaure, ko a mayar da ruwan bana?

Jiya kuma saƙo ya zo ta bakin magini. Wai tunda ba ni da aikin yi, ni zan buga katakon da za a zuba kankaren saman ƙofar, kada a ba bare alhali ga ɗan gida. Wai taimako ne. Na so in ce a'a, har na buɗe baki. Sai na tuna kina dawowa da goyo, kuma geron ya kusa ƙarewa. Na ɗauko ma'aunina na auna. Da faɗin da tsawon da komai na auna wannan karon. Shanun Sha'aban za su shige ta su biyu a jere, da ɗakina a bayansu, ba tare da sun gogi ko'ina ba.

Gobe zan fara bugawa. Na yi magana da Hamma zai ɗauko ku ranar Juma'a. Kada ki wahalar da kanki da sauke kaya a titi, ki ce masa ya shigo da motar har ƙofar ɗakinki. Hanya a buɗe take yanzu.

Ki gaida Baba da Inna, ki yi musu godiya. Allah ya kawo ku lafiya.

Ni ne mijinki,
Badaru.