Dawar da Muka Ci Ranar Uku

Zuwa ga Babana, Malam Habu malamin gona,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga mahaifinta, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahama. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba, babu matafiyin da zan ba shi ya kai maka. Amma akwai sauran shafuka a ƙarshen littafinka na gona, kuma kai ka koya mini cewa abin da aka gani a rubuta shi, ko da daɗi ko babu.

Wata tara ke nan. Muna nan Bunguɗu, gidan yana yadda ka bar shi. Inna ta fita takaba ta koma kaɗin audugarta. Ƙanwata Hassi da ka bari tana rarrafe yanzu tana tafiya, tana shiga ɗakinka ta fito. Jakinka yana wurin ƙanenka, Baffa Ɗanjuma. An ce aikin hanyar jirgin ƙasa ya kusa isowa Gusau. Mutanen Furfuri har sun je kallo, sun dawo suna cewa ƙarfe ne kawai a kwance.

Mangwaron nan na bakin gulbi, wanda ka kawo ƙwallonsa a aljihu, ya yi 'ya'ya da bazara. Na yi masa yadda kake yi wa gwanda. Na danna da babban yatsa, na yanka, na duba a rana. Ba shi da zare, Baba. Shekara biyar kana jira ka san wannan. Na rubuta a littafi: ba zare, laushi har ƙwallo, zaƙi matsakaici. Zaƙin Inna ce ta faɗa mini, don ni tun ranar da aka fita da kai abinci duk ɗaya ne a bakina. Ban yi kuka ba. Mata suna cewa ɗiyar Malam akwai tawakkali. Ban san ko shi ne ba. Ina tashi, ina ɗebo ruwa, ina kwanciya.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba sai jiya, kuma kai ya kamata ka fara ji.

Aikin da kake yi wa Bature a Gusau na auduga ne, kuna gwada irin da aka kawo daga nesa da irin gida, kunya kusa da kunya. Dawa kuwa aikinka ne kai kaɗai. Ka ba ni labarin shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri kana saurayi, dawa ta bushe da cikinta, kuka binne ƙannenka biyu. Tun daga nan kake neman dawar da za ta nuna kafin ruwa ya tafi. Shekara bakwai kana bin gonakin mutane har Kwatarkwashi da 'Yankuzo, duk inda ka ga zangarniyar da ta riga 'yan uwanta fitowa sai ka roƙa. Ka shuka kowace a kunyarta, ka ƙirga kwanaki, ka zaɓa, ka sake shukawa. Bara ka rage su zuwa ƙananan dammuna huɗu, ka rataye a rufin ɗakinka, kowane da launin zarensa. Ka nuna mini mai jan zare ka ce wannan ce, saura damina ɗaya ka tabbatar.

Ranar sadakar uku jama'a sun fi yadda aka zata. Baffa ya ce ba za a buɗe rumbu ba sai an raba gado, akwai haƙƙin marayu a ciki. Hatsin da maƙwabta suka kawo ya ƙare tun kafin azahar, ga mutanen Kwatarkwashi sun iso a ƙasa, ba su ci komai ba. Yayarka Gwaggo Tumba, da ta zo daga Tsafe, ita ke riƙe da girki. Ta shiga ɗakinka neman tabarma, ta ɗaga kai, ta gan su. Ta fito da su a rungume tana cewa Allah Ya jiƙan Habu, ko da zai tafi sai da ya yi wa baƙinsa tanadi.

Ina tsaye a gindin randa, Baba. Taku biyar ne tsakanina da turmi. Inna tana ɗaka ba ta gani ba, ni kaɗai ce a tsakar gidan na san abin da Gwaggo ta rungumo. Gida cike da manyan mata, ni kuwa ban taɓa ɗaga murya a gaban Gwaggo ba. Na ce a raina bari ta ajiye in matsa in raɗa mata. Ta ajiye, ta tsinke zaren ta jefa a murhu. Na ce to bari mutane su ragu. Aka zuba a turmi aka fara sussuka. Da aka zo surfe ta miƙo mini taɓarya, ta ce yau dai a ajiye boko a taɓa aikin mata. Na karɓa. Na daka.

Tuwon ya ishi baƙin. Sun yaba, sun yi maka addu'a, sun tafi. Ni ma an zuba mini, na ci.

Me ya hana ni magana? Kalma uku ce: iri ne, Gwaggo. Ka zaunar da ni a zaure shekara da shekaru, mutane suna cewa Malam ya manta da kunyar ɗiyar fari. Ka koya mini karatun boko da rubutu da lissafi, har ina gyara maka ƙirga. Me ya amfana, tunda ranar da ake bukatar bakina bai buɗe ba?

Akwai kuma ƙarya. Bayan arba'in sabon malamin gona ya zo daga Gusau da saƙon Bature, wai ka taɓa yi masa maganar dawar, yana son ya ga irin da littafin. Daga bayan zana na ce wa Baffa ya gaya masa gara ta cinye irin, littafin kuma ban gan shi ba. Yana ƙarƙashin tabarmata a lokacin. Na ji tsoron su buɗe su ga aikin shekara bakwai, su tambayi inda ya tafi.

Ga abin da ya rage. Washegarin ranar uku da sassafe na je gindin turmi. Kaji sun riga ni, amma na tsinci ƙwaya arba'in da ɗaya waɗanda ba su fashe ba. A gauraye suke, farare da jajaye, ban san wace ta fito daga wane dami ba. Na ƙulle su a bakin zanena har damina.

Da aka zo rabon gonar bakin gulbi, masu awo sun bar wani ɗan harshe inda gaɓa ta lanƙwasa, sun ce igiya ba ta bin wurin. Baffa ya ce a bar wa yarinya ta yi kuɓewa. Na auna shi yadda ka nuna mini, na kafa turaku na yanka shi siri-siri, na sa harafi a madadin abin da ban sani ba har ya fito. Ka taɓa ce mini akwai malamai a wata ƙasa da suke ƙare rayuwarsu a kan lissafin lanƙwasassun layuka kaɗai. Nawa bai kai nasu ba, amma ya ishe ni in san tazarar da zan bari. Na shuka ƙwaya ɗaya a kowane rami. Goma suka fito. Awaki suka ci huɗu.

Kullum da hantsi ina zuwa in duba shidan, in rubuta kwana. Jiya ɗaya ta yi ciki. Na zagaya gonakin maƙwabta, dawarsu ko alama babu. Na buɗe littafinka, kwanan ya yi kusan daidai da na mai jan zare, da bambancin kwana biyu. Taka ce, Baba? Ko kuwa damshin gulbi ne ya tura ta? Na san abin da za ka ce, kara ɗaya a shekara ɗaya ba shaida ba ne. Na tsaya ina kallonta ina jiran in ji murna, ba ta zo ba. Abin da ya zo mini shi ne tunanin girbin kaka. Baffa zai kira gayya, su bi gonar da lauje daga wannan gefe zuwa wancan, su tara komai wuri ɗaya.

Don haka bayan la'asar na tafi zauren Baffa. Maza shida ne a zaune. Na durƙusa a bakin ƙofa na yi magana, ba wanda ya ji. Baffa ya ce in ɗaga murya, ba da aljanu nake zance ba. Na ɗaga. Na faɗi dammunan, da zaren, da taɓaryar, da ƙaryar gara, duka, a gaban baƙi. Na roƙe shi kada kowa ya taɓa karan nan shida sai ni.

Baffa ya dubi ƙasa, sannan ya ce shi malmala biyu ya ci ranar sadakar, har ya nemi ƙari. Bai yi dariya ba, ba wanda ya yi. Yau da safe na same shi a bakin gulbi da gatari, ya saro ƙaya yana kewaye wurin. Na riƙe masa reshe yana dannewa.

Gwaggo za ta ji kafin kasuwar Tsafe ta ci. Malamin gona ma zai ji, kuma idan ya dawo zan miƙa masa littafin in ya yarda in kwafe shi tukuna. Ban san ko ka yafe mini ba, kuma babu hanyar da zan sani. Idan zangarniyar ta nuna, ba za ta kai cikin tafin hannu biyu ba. Daga nan zan fara.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sada ka da ƙannenka. Takardar ta ƙare.

Ɗiyarka ta fari,
Saudatu