Sifikokin Baba Sebastian

Samaru, Zariya
9 ga Fabrairu

Gwaggo Jemimah,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙafar taki, da fatan kumburin ya sauka? Ki gaishe min da mutanen Kagoro baki ɗaya.

Mun kwashe situdiyon haɗa waƙoƙi na Baba daga ɗakin gida zuwa wani shago a Sabon Gari. Shawarar Yaya Henry ce tun dawowarsa daga Legas, kuma ba zan ɓoye ba, ya san aikin. Shagon dogo ne, da taga guda, in ka tafa sai bango ya amsa maka. Ya cire kwalayen ƙwan da Baba ya liƙa a bango don rage amsawar, ya sa soso mai kauri a kusurwoyi, ya janyo sifikokin biyu daga jikin bango domin sautin ganga ya daina kumbura, ya juya su suna kallon kujera daidai tsayin kunne. Har da wani siririn makirufo na awon sauti ya zo da shi.

A nan asirina ya tonu. A bayan kowace sifika akwai ɗan abin murɗawa na sauti mai kaifi, ya tarar an kai shi ƙarshe. Gwaggo, ni ce. Shekara biyu ke nan kunnen Baba ya daina kama siririn sauti, bai kuma sani ba. Da na ga waƙoƙin da yake haɗawa sun fara tsinin da ke soke kunne, sai na riƙa ƙara abin kaɗan-kaɗan in ya fita, don ya ji abin da muke ji, ya daina ƙarawa a cikin waƙar. Aikinsa ya dawo daidai, babu wanda ya gane. Na gaya wa Yaya duka, na roƙe shi ya bar shi haka. Ya dafa kafaɗata ya ce kada in damu. Na ji sanyi, don na gaji da ɗaukar abin ni kaɗai.

Taki,
Ƙauna

Samaru, Zariya
24 ga Maris

Gwaggo,

Ina gaisuwa, da fatan kina lafiya. Mu dai sai godiya.

Yaya bai bar abin ba. Ya mayar da abin murɗawar tsakiya a ɓoye, ni kuma ya ce in zauna a gida in huta. Baba ya yi mako uku yana haɗa waƙoƙin ƙungiyar mawaƙan cocinmu na cikar shekara arba'in, yana cewa sabon ɗakin ya dushe, yana ta ƙara kaifi. Yaya na zaune kusa da shi kullum yana gyaɗa kai.

Ranar Lahadi bayan sujada aka saka faifan a gaban jama'a. Baba ya sa babbar rigarsa mai ruwan toka, yana zaune gaba kusa da Fasto. Da muryoyin mata suka shigo, sai ka ce ana goga wuƙa a kwano. Jarirai suka fashe da kuka, Mama Edith ta toshe kunne da mayafi. Baba kuwa idonsa a rufe, yana buga ƙafa yana murmushi.

Yaya ya tashi ya kashe. Ya ce yana neman gafarar ikilisiya, zai nuna inda matsalar take. Ya saki wani siririn sauti daga wayarsa ta lasifikar coci, ya ce duk wanda ya ji ya ɗaga hannu. Coci duka ya ɗaga, har tsofaffin da suka girmi Baba. Baba ya waiga yana kallon hannuwan, ya tambayi Fasto ko an fara. Wasu suka yi dariya. Sai Yaya ya ciro wani faifan daga aljihu, wanda ya haɗa da kansa tuntuni. Ya yi daɗi, Gwaggo, aka yi ta tafi. Dattawa sun ce daga yau aikin coci hannun Henry.

Ki yi mana addu'a.

Ƙauna

Samaru, Zariya
15 ga Afrilu

Gwaggo Jemimah,

Na ga saƙonki, na gode. Da fatan ruwan farko ya sauka a wajenku.

Kin tambayi ko Baba ya yi fushi da Yaya. Bai yi ba. Tun a mota ranar nan Yaya ya gaya masa abin da na yi shekara biyu, ya ce da na faɗi gaskiya da wuri da an kai shi asibiti, da ba a kai ga wannan kunya ba. Yanzu Baba na gaya wa duk wanda ya zo gaishe shi cewa ɗa guda ya haifa mai tsoron Allah. Allon shagon ma an sauya, sunan Henry ne a kai. Baba kan hau keke-napep ya je can da safe, ya zauna a benci a waje yana naɗe wayoyi, don Yaya ya ce motsinsa na shiga makirufo.

Ni kuwa ko tuwona ba ya ci. In na gaishe shi sai ya juya min kunnen hagu, wanda ya fi mutuwa.

Lahadin Ista ni na ja waƙa, wadda shi ya koya min ina 'yar shekara tara. Ina yi ina kallonsa a layin baya. Da aka tashi na same shi a bakin ƙofa, na durƙusa na tambaye shi ko na yi daidai. Ya kalle ni, mutane na wucewa ta gefenmu, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji:

"Na ga bakinki yana motsi. Ke da kika saba shirya min abin da zan ji, faɗa min kin yi kyau, sai in yarda."

Gwaggo, in akwai wuri a ɗakinki, zan shigo motar Juma'a. Kada ki gaya masa, ba zai tambaya ba.

'Yarki,
Ƙauna Sebastian