Sandar da Na Goge Kafin Tiyatar Ikilima

Nombakélé, Libreville

Zuwa ga uwargida Suwaiba,

Assalamu alaikum. Ina fata kin isa Kano lafiya, kuma jikin Inna da sauƙi. Ki gaishe min da ita da kyau. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da kewarki.

Bayan haka, ina sanar da ke cikin alhini cewa mijinki, wanda ya karance littafin rubuta manhaja daga bango zuwa bango, ya sha kaye a hannun wata 'yar sanda da ba ta kai tsinken sakace ba.

Kin tuna manhajar da na rubuta wa ƙungiyarmu don nemo masu ba da jini. 'Yarki Nafissatou ta taɓa leƙawa, ta sa karkatacciyar sanda, \, kafin alamar +. Wai a regex, wato yadda ake kwatanta wa kwamfuta abin da za ta nemo, + umarni ne, sai da sandar take ɗaukarsa a matsayin rubutu. Na tuna mata wa ya koya mata baƙi. Tana tafiya makaranta na goge abar, don ta ɓata min tsari.

Ranar Talata Chamsou, ɗan ƙungiyarmu, ya kira ni: za a yi wa matarsa Ikilima tiyatar haihuwa, likita ya ce sai an ajiye jinin B+ zai fara. Na rubuta B+. Kwamfuta ta fahimci "B ɗaya ko fiye", ta jero min duk mai B, 'yan AB a sama, waɗanda jininsu ba zai yi mata ba. Ban duba ba, na hau kira. Alhaji Ahmadou, na farko a jerin, ya rufe shago, ya hau tasi daga unguwar Glass, ya naɗe hannun riga kamar ɗan dambe. Aka gwada jininsa, aka ga AB ne, aka sallame shi. Na bayansa ma haka. Chamsou ya kasa zama, ni kuwa gumi har cikin takalmi.

Nafissatou ce ta karɓi kwamfutar, ta mayar da sandarta ba tare da ta dube ni ba. Wanda muka kira bayan nan, jininsa ya yi.

An samu 'ya mace, uwa da jaririya lafiya. Alhaji Ahmadou kuwa har yau yana ba da labarin jinin da ya kusa bayarwa.

Yarinyar ce da gaskiya, ni na yi kuskure. Ban faɗa mata ba tukuna, amma sandar tana nan inda ta sa ta.

Ki dawo da wuri, ki taho da yaji.

Naki har kullum,
Abdulƙahar